Talatu Fiful, 'Yar Mafaza

Akwai wata yarinya mai suna Talatu, 'yar Malam Gado direban lori, mutumin Mafaza da ke bakin kogin Rahad. Labarin ya faru ne a shekarun da taraktoci suka mamaye ƙasar Gadarif, lokacin da mutum zai tsaya a bakin gonar riɗi ya duba gabas ya duba yamma bai hango ƙarshenta ba.

Aikin Malam Gado shi ne kwasar 'yan ƙwadago daga cikin garin Gadarif ya kai su manyan gonaki, in an yi girbi kuma ya ɗebo buhunan dawa da riɗi ya kawo kasuwa. Bai yi boko ba, amma ya lura kan 'yar tasa yana ja. Da ta ci jarrabawar shiga sakandare, sai ya ɗora ta a gaban lorinsa da ɗan akwatinta na ƙarfe, ya kawo ta gidan yayarsa, Goggo Fatu, a cikin Gadarif.

Damina ce, garin duk ya zama baƙar laka mai riƙe takalmi. A bakin ƙofar gidan, kafin ya juya, ya ce da ita:

"Talatu, ki yi karatu. Amma ban kawo ki nan don ki sha baƙin ciki ba. Ranar da kika ga ba za ki iya ba, ki aiko min, in zo in ɗauke ki. Sai dai ki sani, in kin koma gida kin koma ke nan, halas. Ni ba na kai da komo."

Ta ce, "To, Baba."

A ranta kuwa har dariya maganar ta ba ta. Ita da ta saba zuwa ta ɗaya a makarantar garinsu, me zai sa ta kasa?

Malamar Turanci a ajinsu sunanta Ustaza Batul, doguwar mace mai farin mayafi, ba ta da yawan magana. Tsarinta ba ya canzawa. Kowane mako akwai shafin da za a karanta a tsaye da murya, akwai kuma insha'in da kowace ɗaliba za ta rubuto daga gida.

To, ga inda matsalar take. A Turanci akwai harafin P, Larabci kuwa ba shi da shi. 'Yan ajin nan yawancinsu Larabci suka sha a nono, don haka in sun zo kan kalmar people, wato mutane, sai su ce "bibul". Wannan ta ce bibul, waccan ta ce bibul, har kunnuwansu suka saba, suka ɗauka haka Bature ya haifi kalmar.

Talatu kuwa harshenta na Hausa ne. In ya zo kan P sai ya kauce ya ɗauko F. A makarantarsu ta Mafaza rabin aji na cewa bibul, rabi na cewa fiful, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi wani.

Ranar da layi ya zo kanta, ta miƙe da ƙarfin gwiwarta, ta buɗe littafi. Layi na farko lafiya lau. A layi na biyu ta ɗaga murya ta ce, "fiful."

Sai ajin ya kwashe da dariya. Wasu har da dukan benci, wata tana share hawaye da bakin mayafi. Ku lura fa, duk cikin masu dariyar nan babu wadda ta taɓa faɗin kalmar daidai a rayuwarta.

Ustaza Batul ta buga tebur, aka yi shiru. Amma kafin Talatu ta kai ga zama, wata murya daga layin gaba ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Sannu, Fiful."

Mai muryar ita ce Lamya, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Rubutunta kamar an buga da inji, Larabcinta kuwa ya fi na masu shi gudu. Duk abin da ta yi wa dariya sai aji ya taya ta. Kafin a tashi daga makaranta ranar, sunan ya riga ya bi Talatu har bakin famfo.

Da ta koma gida, ta tarar da Goggo a ƙarƙashin rumfa tana suyar gyaɗar da take sayarwa a bakin titi. Ta ba ta labarin cikin kuka.

Goggo ta dakata da juya gyaɗar. "Wace Lamya kuma? 'Yar gidan wa?"

"An ce ubanta mai shago ne a suk, babbar kasuwa, wai shi Mudi."

Goggo ta riƙe baki. "La ilaha! Lami 'yar Mudi? Ranar Alhamis aka haife ta, ina wurin, ni na dafa ruwan wankan uwarta. Yaushe ta zama Lamya? Bahaushiya ce kamar ni kamar ke, ya bitti, 'yata. Gobe ki je ki gaishe ta da Hausa, ai 'yar'uwarki ce."

Talatu ta kwana da murna. Washegari a lokacin tara, ta sami Lamya cikin ƙawayenta, ta matso da fara'a ta ce, "Lami, ina kwana? Goggo Fatu na gaishe ki."

Lamya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta juya wurin ƙawayenta ta ce da Larabci, "Jama'a, wa ya gane abin da Fiful ke cewa? Ni dai ban san wannan yaren ba."

Wannan ta fi wa Talatu zafi a kan dariyar aji. Dariyar baƙo ana iya haɗiye ta, amma ta tabbata yarinyar nan ta ji kowace kalma, don ta ga yadda idonta ya motsa da aka ambaci Goggo.

Ba zan ce Lami muguwa ce aka haife ta ba. Tun tana firamare aka riƙa tsokanarta da asalinta, ana kwaikwayon maganar kakarta. Sai ta ƙara wa sunanta harafi, ta bar Hausarta a bayan ƙofar gida, ta koyi cewa bibul da gangan don kar bakinta ya tona ta. Yanzu ga wata ta zo daga ƙauye da duk abin da ita ta ɓoye. Tsoro ne ya sa ta riga kowa dariya. Amma tsoro bai wanke ta ba, abin da ta yi ba shi da kyau.

Tun daga ranar Talatu ta kulle bakinta a aji. In layin karatu ya zo kanta, sai ta miƙe ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan. Ustaza Batul ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaya mata cewa karatun murya yana cikin makin ƙarshen zango. Duk a banza. Yarinyar da ke rige-rigen ɗaga hannu a Mafaza ta koma bencin baya, kusa da taga, tana kallon jakuna da awaki suna ratsa laka.

Wata rana da rana tsaka, bayan an bi ta da "Fiful, Fiful" tun daga ƙofar makaranta har kwanar masu shayi, ta ƙi wucewa gida. Ta miƙe zuwa tashar lori, ta nemi wani direba abokin babanta, ta gaishe shi ta ce:

"Don Allah, Kawu, in ka je Mafaza ka ce wa Baba ya zo ya ɗauke ni."

Ya dube ta. "Lafiya dai, 'yar Gado?"

"Lafiya lau. Ka ce masa kawai na aiko."

Bayan wasu kwanaki amsa ta dawo. Malam Gado ya ce ya ji. Hanya ba ta biyuwa yanzu saboda laka, amma da zarar riɗi ya nuna zai shigo gari kwasar masu yanka, ta shirya akwatinta.

Talatu ba ta gaya wa Goggo ba. Ta ji sanyi a ranta cewa wahalar ta kusa ƙarewa, ta kuma ji wani irin nauyi, don ta san abin da babanta ya faɗa a bakin ƙofa ba ya sake shi.

Abu ɗaya ne ba ta daina ba, shi ne insha'i. Takarda ba ta dariya, don haka duk abin da ta kasa faɗa a aji sai ta zuba shi a rubuce. A wani mako Ustaza Batul ta ce kowa ta rubuto labarin garinsu. Talatu ta zauna ta rubuta Mafaza: yadda Rahad ke cika ya tumbatsa da damina, yadda yake janyewa da rani ya bar tafkuna, yadda yara ke shiga da kwanduna suna kamun kifi.

Ranar da aka raba takardu, malamar ta riƙe tata. Ta ce, "Talatu, ki same ni bayan an tashi."

 Da ajin ya watse, ta matso teburin a ɗarare. Ustaza Batul ta ɗora yatsa kan wata kalma ta ce da Larabci, "Karanta min wannan. Babu kowa, daga ni sai ke."

Kalmar kifi ce, wadda Bature ke cewa fish. Amma Talatu ta rubuta ta da P. Ta buɗe baki a hankali ta karanta abin da ta rubuta: "pish."

"Sake faɗa."

"Pish."

Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, Ustaza Batul tana murmushi har haƙoranta sun fito.

"Kin san me kika yi yanzu? Shekara da shekaru ina fama in sa harafin nan a bakin 'yan mata, sun kasa. Ke kuwa da shi kika zo daga gida. Kin ji yadda ya fito tas? Na taɓa koyarwa a garin Fau, na ga 'ya'yan Hausawa da yawa irinki. Kuna da P, kuna da F, mazauninsu ne kawai kuke musanyawa. Ki ba kifi F ɗinsa, ki ba mutane P ɗinsu, shi ke nan."

Talatu ta tsaya tana kallonta. Duk tsawon makonnin nan ta ɗauka bakinta ne ke da naƙasa.

Malamar ta ci gaba, "Ga aikinki na musamman. Ba zan ƙara tilasta miki karatu a aji ba sai ranar da kika so. Amma kullum in kin koma gida, ki ɗauki shafi ɗaya ki karanta wa wani da ƙarfi. Duk inda kika ga P, ki haɗa leɓɓanki kafin ki saki iska. Akwai mai sauraronki a gida?"

"Sai Goggona, Ustaza. Ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya."

"Ya fi kyau. Ba za ta gyara miki ba, ba za ta yi miki dariya ba."

A nan Ustaza Batul ta yi kuskure, don Goggo Fatu ta yi dariya, sai dai irin dariyar da ba ta ciwo. Kullum bayan la'asar za ta zauna tana ɓare gyaɗa, Talatu na tsaye da littafi tana zuba Turanci. In ta ɗan tsaya, Goggo ta gyaɗa kai ta ce, "Kwayis, da kyau! Gaskiya ne." Wani lokacin kuma ta ce, "Allah sarki, sai aka yi yaya?" alhali shafin bayanin jirgin ƙasa ne.

Ita Goggo a bayan uwarta aka goyo ta daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji, iyayen suka yada zango a Sudan ba su koma ba. Maganarta ta tsofaffi ce, Larabci bai goge ta ba. Wata rana Talatu na cikin karatu, sai ta ji tana ce wa maƙwabciya ta kan danga, "Ki aiko yaro ya karɓi pura, ni zan pita."

Talatu ta sauke littafin. "Goggo, me kika ce?"

"Na ce ta aiko a karɓi pura."

"Yaya sunanki, Goggo?"

"Ke, yau kuma? Patu mana. Ko Turancin ya soma taɓa miki kai?"

Talatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ashe abin da ake nema a makaranta ruwa a jallo, a rumfar nan ake dama fura da shi kullum. Daga ranar, in ta zo kan harafin sai ta tuna bakin Goggo, ta haɗa leɓɓa, ya fito daidai.

Karatunta ya gyaru a gida, amma a aji ba ta buɗe baki ba. Sau da yawa takan ji kalmomin sun taho har maƙogwaro, sai ta hango ƙeyar Lamya a layin gaba, ta haɗiye su. Sunan Fiful yana nan bai mutu ba. Ruwa kuma ya fara ɗaukewa, hanyoyi na bushewa, ana ta maganar riɗi ya kusa yanka.

Ana haka sai aka sanar cewa mai duba makarantu zai ziyarci ajinsu. Ustaza Batul ta zaɓi Lamya ta yi karatu a gabansa, kuma ba a yi son kai ba, ita ce ta fi kowa maki.

A safiyar ranar, Talatu na shirin fita, sai ga yaron tasha da saƙo: Malam Gado ya shigo gari, yana lodin masu yankan riɗi, zai biyo ta makaranta in an tashi. Dole ta gaya wa Goggo gaskiya. Tsohuwar ta ce, "Ashe tafiya za ki yi ki bar ni da rabin labari." Ta shiga ɗaki da kanta ta ɗaure mata akwatin.

Mai duba makarantun dattijo ne mai tabarau, an ce ya yi karatu a ƙasar waje. Ya zauna a gefe, Lamya ta fito gaban aji tana taku ɗaiɗai, ta fara karatu. Murya tar, babu gargada. Sai ta iso kan kalmar nan ta ce, "bibul."

Dattijon ya ɗaga hannu. "Dakata, 'yata. Sake faɗin wannan."

"Bibul."

"A'a. Ba B ba ce. Saurara." Ya faɗe ta yadda take. "Yanzu ke."

"Bibul."

Ya girgiza kai. Lamya ba ta saba a gyara mata ba, balle a gaban aji. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ya ce ta sake, ta sake. Ya ce ta bar B ɗin nan gaba ɗaya, ta nemo wani sautin. Ta rasa inda za ta sa harshenta. Shi kuwa harshe in ya rikice gida yake gudu. Ta ja numfashi, ta buɗe baki, sai ajin duka ya ji:

"Fiful."

Da farko babu wadda ta motsa. Can sai wata daga cikin ƙawayenta ta ce, "Lamya! Ashe ke ma?" Dariya ta ɓarke, ta fi ta ranar farko ƙarfi, don wannan karon babbar giwa ce ta faɗi.

Gaskiya ita ce Talatu ta ji daɗi. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Ta ce a ranta, yau kin ɗanɗana. Ga shi kuma yau ce ranarta ta ƙarshe a makarantar, za ta tafi da wannan a bakinta.

Amma daga bencin baya tana hango hannuwan Lamya. Littafin na rawa, takardunsa na kaɗawa, yarinyar ta ƙura wa ƙasa ido tana cizon leɓe don kar kuka ya ƙwace mata. Talatu ta san tsayuwar nan. Ta san yadda ƙafafu ke yin sanyi, kunne ya toshe, mutum ya riƙa roƙon ƙasa ta buɗe. Duk ajin nan ita kaɗai ta san wannan. Sai daɗin ya gushe, tausayi ya maye wurinsa.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Bakin da ya daɗe a kulle ya buɗe, kuma da Hausa ya buɗe, a tsakiyar aji, a gaban baƙo:

"Lami! Yadda tsofaffinmu ke cewa pura. Haɗa leɓɓanki ki saki."

Dariyar ta tsaya cak. Kowa ya juyo yana kallon bencin baya, sannan aka koma kallon Lamya. Yanzu zaɓi ya rage nata. In ta nuna ta gane, ta amsa da bakinta cewa yaren nan nata ne. In ta ce ba ta gane ba, ta ci gaba da tsayuwa cikin kunya.

Ta ɗago kai, idanunta cike da hawaye, ta dubi Talatu. Leɓɓanta suka motsa a hankali.

"Pura," in ji ta. Sannan ta dubi littafin. "People."

"Madalla!" in ji dattijon, har da tafa hannu. "Ga shi nan! Wace ce waccan malamar ta baya? Me kika gaya mata?"

Ustaza Batul ta ce, "Sunanta Talatu Gado. Da harshensu na gida ta yi mata bayani."

"To, ta zo ta ƙarasa mana shafin."

Talatu ta tako daga baya zuwa gaba. Lamya ta miƙa mata littafin da hannu biyu. Ta fara a hankali, muryar na rawa, sai ta ɗauka a ranta cewa a rumfa take, Goggo na ɓare gyaɗa. Muryar ta daidaita. A wuri ɗaya harshenta ya zame ya ɗauko F, ta tsaya, ta koma baya ta gyara da kanta, ta wuce. Babu wadda ta yi ko tari har ta kai ƙarshen shafin.

Dattijon ya juya wurin ajin ya ce, "Duk mai son koyon harafin nan, ga wadda za ta koya mata." Ustaza Batul kuwa ta juya tana goge allon da babu rubutu a kansa.

Da aka tashi, lorin Malam Gado na tsaye a bakin ƙofar makaranta, bayansa cike da masu yankan riɗi da laujensu da ƙullin kayansu. Akwatin Talatu na gaba, ya riga ya biya ta gidan Goggo ya ɗauko shi. Riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube a ƙasa, don haka bai ko kashe injin ba.

Talatu ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya buɗe mata ƙofa. "Hau mu tafi, rana na yi."

Ta tsaya riƙe da ƙofar. Ita ta aika, shi kuma ya baro aikinsa ya zo. Da wane baki za ta ce masa ta fasa? 'Yan mata sun taru a bakin ƙofar makaranta suna kallo.

Sai ga Lamya ta ratso su da gudu, mayafinta na zamewa. Ta zo gaban lorin ta zube gwiwa biyu a cikin ƙura, a gaban ƙawayenta, a gaban masu shayi da duk mutanen da ke bayan motar. Ta buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta cikin ɗaki:

"Baba, ina wuni? Ni ce Lami, 'yar Mudi mai shago. Don girman Allah kar ka tafi da ita. Ba karatu ne ya fi ƙarfinta ba, ni ce na kore ta. Ni na sa mata suna, ni na ce ban san ta ba. Ka yi min duk faɗan da za ka yi, amma ka bar ta."

Malam Gado ya dube ta, ya dubi 'yarsa. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Tashi, 'yar Mudi, ƙasa da zafi." Sannan ya ce, "Talatu, ni an ce in zo, na zo. Ba zan tambaye ki abin da ya faru ba. Abu ɗaya zan tambaya. Za ki hau, ko ba za ki hau ba?"

Talatu ta dubi kujerar da ke gefensa. Ta dubi Lami da ke tsaye tana share fuska, gwiwoyinta duk ƙura. Ta sa hannu ta jawo akwatinta, ta sauke shi ƙasa.

"Baba, ka gaida Inna. Ka ce mata sai an yi hutu."

Malam Gado ya kau da kai don kar a ga fuskarsa, ya tayar da injin. "Ma'alesh, ku yi haƙuri, jama'a," ya ce da mutanen baya, "mun ɓata muku lokaci." Lorin ya ja ya nufi hanyar gonaki.

Akwatin na da nauyi. Talatu ta kama hannu ɗaya, Lami ta kama ɗayan, suka nufi gida.

Darasi: Kada ka yi wa mutum dariya don harshensa ya nuna inda ya fito, kuma kada ka yi musun naka don ka samu shiga wurin wasu. Dariyar da kake gani wasa ce tana iya raba yaro da karatunsa har abada. In kuma wanda ya wulaƙanta ka ya faɗi a gabanka, ka miƙa masa hannu, don alherin da ka yi masa yana iya zama abin da zai cece ka kai ma. Ku tura wa malamai da iyaye da ɗalibai wannan labari, wataƙila a wani aji akwai yarinyar da ta kulle bakinta tana jiran wanda zai tausaya mata.